Frank Bowling: yadda launi ya shanye taswira

Akwai wani nauyi da aka daɗe ana ɗora wa baƙar fata mai zane: wai dole aikinsa ya nuna wahalar jama'arsa ƙarara, in ba haka ba ya gudu ya bar ladansa. Aikin Frank Bowling amsa ce ga wannan zargi.

An haife shi a Guyana a 1934, ya isa Landan a 1953, ya kammala karatun zane a Royal College of Art a 1962, aji ɗaya da David Hockney. Ayyukansa na farko cike suke da siffofin mutane, har da mabarata. Da ya koma New York a 1966, sai siffa ta soma janyewa, launi ya karɓe fili.

Sai dai ba dare ɗaya aka yi wannan ƙaura ba. Tsakanin 1967 da 1971 ya yi manyan zane-zanen da ake kira na taswira, waɗanda gidan Whitney ya baje a 1971. A cikinsu inuwar Afirka da ta Amurka ta Kudu suna iyo cikin ja da rawaya da ruwan hoda, sun kusa nutsewa amma ba su ɓace ba. Duba Middle Passage na 1970: sunansa na tuna jigilar bayi a tekun Atlantika, amma babu jirgi, babu sarƙa. Zafin launin ne ke ɗauke da labarin, mai kallo kuwa sai ya natsu kafin ya tsinkayi gaɓar ƙasa. A nan, a ganina, ƙarfin Bowling ya kai matuƙa, domin ya nuna cewa tarihi na iya zama cikin zane ba tare da an yi masa hoto ba.

Daga 1973 ya ajiye taswirar. Ya kafa wani katako mai karkata, yana kwararo fenti daga sama, fentin na gangarowa bisa yadi yadda ya ga dama. Kyawun waɗannan ayyuka ba abin musu ba ne, amma suna da rauni: inda babu abin da ke ja-in-ja da launi, wasu kan tsaya ga ƙawa kurum, ido ya ƙoshi, zuciya ba ta motsa ba. Watakila shi ya sa daga baya ya riƙa kaurara fentin, yana binne ƙananan tarkace a ciki.

Ingila ta yi jinkirin gane shi. Sai a 2005 ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin Royal Academy, sai a 2019 Tate Britain ta baje aikin rayuwarsa, yana da shekara 85. Wannan jinkiri tambaya ce ga masu sharhi, ba ga mai zanen ba: shin launinsa suka kasa karantawa, ko kuwa na fatarsa ne ya tsare musu ido?