Jarida da Faransanci, ƙuri'a da Hausa

Masu nazari da dama na danganta amincewar ƴan Nijar da dimokuraɗiyya, bayan taron ƙasa na 1991, da ƴancin jarida. Mu dai ba mu gamsu ba. Haské, wadda ta fara fita a 1990, da sauran jaridun Yamai, da Faransanci ake rubuta su. Manomin Tasawa kuwa rediyo yake saurare, sau da yawa sashen Hausa na BBC. A 1995 labarin da ya fi isa kunnensa shi ne rigimar shugaba Mahamane Ousmane da faraminista Hama Amadou. Aikin wakilin da ya zaɓa bai cika jin sa ba. A ganinmu, nan ya kamata a nemi dalilin da juyin mulkin Janairun 1996 bai gamu da turjiya mai ƙarfi a karkara ba.