Dawar da ba ta kiran ƙuduji

Manomin Sassumbrum ta Nijar ba ya bukatar a kwatanta masa ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ranar da furensa ya bayyana a tsakanin kunyoyi, aikin gama ya gama, domin ya riga ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa manne da saiwar dawa ko hatsi yana tsotso. Mai son jiki sai ya ce gona ce ta gaji, ya koma gindin gawo. Farfesa Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ke koyarwa a Jami'ar Purdue ta Amurka, tambaya ya riƙe: ta yaya ƙuduji ke sanin cewa dawa na kusa?

Ƙwayarsa kamar ƙura take, kuma tana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba ta tsira ba. Ruwan sama kaɗai ba ya tashinta. Sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa, wanda masana ke kira istirigolakton. Ashe dawar ce da kanta ke kiran ɓarawonta.

Ga yadda Ejeta da abokan aikinsa, ciki har da Larry Butler, suka mayar da wannan sani awo. Ana jiƙa ƙwayoyin ƙuduji a ajiye su a wuri mai ɗumi kusan mako biyu, don su zauna cikin shiri. Sai a barbaɗa su a faranti mai murfi, a zuba agar, wani abu mai daskarewa garau wanda ido ke ratsawa. A gefen farantin a dasa tsiron dawa guda ɗaya. Bayan kwana uku a duba da madubin ƙara girma, a nemo ƙwayar ƙuduji mafi nisa da ta tsira, a auna tazararta da saiwa. Idan tazarar ba ta kai santimita ɗaya ba, wannan dawa muryarta ƙasa-ƙasa ce, ita ake nema. Abin da a gona sai an jira damina guda, ga shi a faranti cikin kwanaki.

Daga nan sai barbara, don a shigar da wannan hali cikin wani irin dawa. Kafin zangarniya ta buɗe, ana cire sassan namiji na kowane ɗan fure da tsinken ƙarfe, a rufe ta da jakar takarda. Da sassafe a karkaɗo bununin ɗayar dawar a zuba mata, a sake rufewa, a rubuta lamba. Hannu ɗaya da ya yi gaggawa ya ɓata aikin shekara.

A 2017 ɗakin bincikensa ya bayyana ƙwayar halittar da ke riƙe da halin rashin kiran ƙuduji a wani irin dawa mai suna SRN39, ana kiranta LGS1. Yanzu guntun ganye ya isa a gane tsiron da ya gaji halin.

Nijar ta san hannunsa: tare da masanan cibiyar binciken noma ta ƙasar, INRAN, aka fitar da dawa mai aure NAD-1. An ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 2009, Shugaba Biden na Amurka kuma ya rataya masa lambar kimiyya ta ƙasa a 2023. Sai dai irin ba ya aiki shi kaɗai, tsarin da ya koyar ya haɗa shi da taki da kunyoyi masu tare ruwa.