Mai hoto matafiyi, sayi kwamfutar da za ta faɗa maka gaskiyar launi

Wani yayi ya shigo cikin matasanmu masu ɗaukar hoto a 'yan shekarun nan. Da zarar yaro ya fara samun aikin biki, ya tara 'yan kuɗi, sai ya nufi kasuwa ya ce a ba shi kwamfutar masu wasan gem: baƙa, ƙatuwa, madannanta na walwali da ja da kore, cajarta kaɗai ta kusa nauyin kamara. Mai shago ya jero masa lambobi, i7 ce, ga katin girafik, ga fanka biyu, shi kuma ya ƙirga kuɗi yana murna. Ni a ganina wannan yayi cutar da sana'ar yake yi, musamman ga wanda abincinsa yake kan hanya, yau biki a Kaduna, gobe hawan sallah a Katsina, wani watan kuma kamun kifi a Argungu.

A tambayi kowane mai hoto abin da yake yi da kwamfuta idan ya bar gida. An tashi daga dina ƙarfe ɗaya na dare, ya koma masauki, ya kwafe abin da ke cikin katunan kamara, ya bi hotuna dubu biyu yana ware masu kyau, sannan ya gyara ashirin ko talatin saboda ƙawayen amarya suna jira su ɗora a Instagram kafin gari ya waye. Aikin albam da goge fuska ɗaya bayan ɗaya sai an dawo gida. Duk cikin wannan babu abin da ke neman injin da aka ƙera don wasan harbe-harbe. Abin da yake nema shi ne sikirin mai gaskiya, batir mai jimiri, nauyin da kafaɗa za ta iya ɗauka, da wurin ajiya wanda ba zai ci amana ba.

Sikirin ne kan gaba, kuma shi ne abin da mai shago ba ya ambata. Akwai ma'aunin launi da ake kira sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, kuma a kansa yawancin hotunan intanet ke tafiya. Da yawa daga cikin kwamfutocin gem masu sauƙin kuɗi an kashe kuɗinsu a kan inji, an tsuke hannu a kan fuska. Idan ka ga an rubuta 45% NTSC a takardar bayani, ma'anarsa sikirin ɗin ba ya nuna ko kashi biyu cikin uku na launukan sRGB. Sauran suna nan cikin hoton, idonka ne kawai ba ya ganinsu.

Ga yadda abin ke faruwa a aikace. Ka ɗauki dogari a Hawan Daushe a Kano, rigarsa ja da kore, rawaninsa ja wur, rana ta sauko tana dukan ƙurar da dawakai suka tayar. Ka buɗe hoton a irin wannan sikirin, sai ka ga jan ya koɗe kamar tsohon yadi. Ka ja launi sama har ya yi maka daidai, ka tura. Wanda ya karɓa ya buɗe a wayarsa, wadda fuskarta ta fi ta kwamfutarka nuna launi nesa ba kusa ba, sai ga rawani ya zama jan tabo guda, babu ninki, babu zare. Haka yake faruwa da fatar mutane, kuma a nan ne abin ya fi ciwo. Baƙar fatar amarya tana da ja da ruwan zuma a cikinta, lallen hannunta yana da nasa jan daban, leshinta yana da nasa. Kuskure kaɗan ya isa ya mayar da ita ruwan toka ko ruwan lemo, har uwarta ta kalli hoton ta ce wannan ba 'yarta ba ce. Mai hoton bai yi ha'inci ba, abin da aka nuna masa ya gyara. Saboda haka kada a sayi abin da bai cika sRGB ɗari bisa ɗari ba, kuma a tabbata haskensa ya kai nit 400, domin mai nit 250 da kyar ake ganinsa a ƙarƙashin rumfa da tsakar rana.

Sai batir. Dokar jiragen sama ta sa iyakar batirin da fasinja zai shiga da shi ba tare da izini na musamman ba a kan 100Wh, shi ya sa masu ƙera kwamfuta ba sa wuce nan. Tunda girman batir yana da iyaka, tsawon aikinsa ya dogara ne ga yadda injin ke shan wuta. Kwamfutar gem mashayiya ce. Ka zare ta daga soket, ƙarfin nan da ka biya kuɗi dominsa ya ragu sosai, kuma cikin 'yan sa'o'i ta mutu. Wanda ya san masaukin da ake kashe janareto ƙarfe goma sha biyu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da Apple ya fito da injin M1 a Nuwamba 2020 lissafin ya canza: MacBook Air mai nauyin kilo 1.3 tana aiki da sauri iri ɗaya ko da wuta ko babu, kuma tana kai mutum daga safe zuwa yamma. A ɓangaren Windows ma an samu sirara masu kyan fuska, irin su Zenbook da XPS da wasu daga cikin ThinkPad. Yawancin waɗannan da USB-C ake cajinsu, don haka fawa bank mai wat 65 zai iya tashe su a cikin mota. Kwatanta wannan da kwamfutar gem mai kilo biyu da ɗoriya, ga caja, a cikin jakar da tuni take ɗauke da kamara biyu da lensa da filasha.

Zafi da ƙura su ma suna da nasu hukunci. Apple da kansa ya rubuta cewa kwamfutocinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35, alhali Sakkwato da Maiduguri suna haura 40 a watan Afrilu. Wadda ba ta da fanka, kamar Air, za ta rage gudu idan aka ɗora mata fitar da hotuna ɗaruruwa a ɗaki mai zafi, amma ba ta zuƙar ƙurar hunturu. Mai fanka biyu tana shan iska da kyau, tana kuma tara ƙasa a cikinta har sai an buɗe an share. Kowacce ka zaɓa, kada ka yi aiki da ita a kan katifa, kada kuma ka bar ta a mota da rana.

Game da ciki, magana gajeriya ce. Adobe ya ba da shawarar RAM gigabait 16 don manhajarsa ta gyaran hoto, Lightroom, kuma a kwamfutocin Apple na yanzu ba a iya ƙarawa bayan an saya, don haka a yanke shawara tun a shago. Hoton RAW ɗaya daga kamara mai megafiksel 24 yana cin megabait 25 zuwa 30, biki guda na iya cinye gigabait 60. Ma'ajiya mai 256 ba ta isa ba, 512 ne mafi ƙaranci, tare da SSD na waje da zai kwana a wata jaka daban. Kada a goge katin kamara sai hotuna sun zauna a wuri biyu. Kwamfuta idan ta ɓata ana sayen wata, amma ba a sake ɗaura aure don mai hoto.

Masu kare kwamfutar gem suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Tun da Lightroom ya kawo Denoise a 2023, mai share dusar hoton da aka ɗauka a duhu, katin girafik ya zama abin amfani na gaske, kuma wuraren bikinmu ba su cika samun haske mai kyau ba. Wanda ke haɗa hoto da bidiyo shi ma yana buƙatar ƙarfi. Ga kuma sauƙin kuɗinta a wannan tsadar kaya, ga sauƙin samun mai gyara da ƙarin RAM. Amma hotuna nawa ne cikin dubu biyu ke buƙatar Denoise a daren? Idan goma ne, jiran 'yan mintuna bai kai wahalar ɗaukar kaya duk shekara ba. Wanda kuma aljihunsa ya tilasta masa irin wannan kwamfuta, ya nemi mai cikakken sRGB, akwai su, ko da zai sauko a kan girman katin girafik.

Yawancinmu ta hannu muke saya, kuma babu aibi a nan muddin an buɗe ido. Sunan i7 kaɗai ba ya nuna komai, domin i7 ta 2015 ba ta kamo ƙafar i5 ta yanzu ba. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na takwas na Intel ta fara, don haka a tambayi ƙarni. A je shago da filash mai ɗauke da hoton da aka sani sarai, mai fuskar mutum da jan yadi da farar shadda, a buɗe shi a kwamfutar, a ajiye waya mai kyau a gefe, a kwatanta. A zare caja a yi aiki na rabin sa'a a ga yadda batir ke sauka.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne, hotunan da ake ɗauka yau su ne jikoki za su kalla su san yadda kakarsu take ranar aurenta, da yadda sarki ya fito ranar hawa. Mai hoto amana aka ba shi, kuma ba zai iya riƙe ta ba idan abin da yake kallo yana yi masa ƙarya. Kuɗin da za a kashe, a fara kashe su a kan sikirin da batir, ƙarfin inji ya biyo baya.