Hannun Niel Gow da Tawadar Ɗansa

A 1745 aka yi gasar masu goge a garin Perth na ƙasar Sikotilan, aka ɗora wani makaho mai suna John McCraw a kujerar alƙalanci don kada ya ga fuska ya yi son kai. Wani saurayi ɗan shekara 18, ɗan masaƙi daga ƙauyen Inver kusa da Dunkeld, shi ya cinye. Masu ba da labarin sun ce dabarar ba ta yi amfani ba, domin makahon ya ce ko cikin makaɗa ɗari aka saka yaron, da jin jan bakansa zai gane shi. Sunan saurayin Niel Gow. An haife shi a 1727, ya rasu a 1807, kuma har gobe in ana zancen gogen Sikotilan da sunansa ake farawa.

Labarin makahon nan, ko da an ƙara masa gishiri, ya nuna inda darajar mutumin take: a hannunsa na dama. Gogen nasu mai tsirkiya huɗu ne, ana maƙale shi a ƙarƙashin haɓa, kuma irinsa ake kaɗawa a Italiya da Faransa. Abin da ya mai da shi ɗan ƙasa shi ne kiɗan rawar da ake kira strathspey, wanda ya ci sunan kwarin kogin Spey. Kiɗa ne mai tafiya da taƙama, sauti dogo na bin gajere, sai can a juya, gajeren ya riga fitowa kamar an fizge shi, dogon ya biyo baya. Wannan fizgar ce ke ɗaga ƙafar mai rawa. Gow ya shahara da wani salo na ja sau ɗaya ƙasa, sannan ya tura bakan sama da ƙarfi ya fitar da sauti uku a tafiya guda. Waɗanda suka gan shi sun rubuta cewa idan rawa ta yi zafi yakan kurma ihu kwatsam, wanda ya gaji ma sai ya miƙe. Ɗan'uwansa Donald yana gefe da babban goge mai kaurin murya, yana riƙe masa gindin kiɗan.

Gow makaɗin fada ne, ba wani ɓoye-ɓoye. Ya yi wa iyayen gida uku a jere hidima, masu sarautar Duke ta Atholl, ana ba shi fam 5 a shekara ban da abin da yake samu a bukukuwa. Shi ya sa in ka buɗe littattafan kiɗan zamanin za ka tarar da sunayen manya da matansu da gidajensu birjik, kowa da takensa. Akwai abin mamaki a lokacin da tauraronsa ya haska. Bayan yaƙin Culloden na 1746 gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mutanen tsaunuka tufafinsu na gargajiya, ba a janye dokar ba sai 1782. Amma manyan da suka yi wa Landan mubaya'a su ne suka riƙa cika zaure suna taka rawar talakawan tsauni. A 1787 Henry Raeburn ya zana Gow da wandonsa na saƙin gargajiya, a shekarar kuma mawaƙi Robert Burns ya haɗu da shi a Dunkeld.

Daga nan tawada ta shigo. A 1784 aka buga kundin farko da sunan Niel Gow, aka sadaukar da shi ga uwargidan Atholl. Ɗansa Nathaniel, wanda ya zauna a Edinbura ya haɗa kiɗa da sana'ar ɗab'i, shi ya riƙe harkar, kundi na bin kundi har 1822. Sunan Gow ya zama haja. Da haja ta samu kasuwa kuwa, sai tambayar da ba ta dami kowa ba a dandalin rawa ta taso: kiɗan nan na wa ne?

A ƙarshen ƙarni na 19 wani mai bincike ɗan Edinbura, John Glen, ya ƙirga kiɗa 87 da ake jingina wa Niel, ya ce aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu tsofaffi ne aka yi wa kwaskwarima, ko kuma na wasu ne aka sauya wa suna. Masu kare Gow sukan ce haka al'adar take, kiɗa na yawo daga hannu zuwa hannu, wanda ya gyara shi ya sa masa rai ya zama nasa. Na yarda da rabin wannan magana. Tsohon kiɗan da ba a san mai shi ba, babu wanda aka ƙwara. Amma akwai William Marshall, ma'aikacin gidan Duke na Gordon, gwani ne na ƙin ƙarawa wajen tsara strathspey, kuma tun 1781 ya buga nasa da sunansa. Da ransa da lafiyarsa ya ga kayansa a littattafan gidan Gow da sabbin sunaye. Wannan kam ba gado ba ne, ɗauka ce. Abin da zan iya cewa don sassauci shi ne alhakin ya fi karkata ga Nathaniel mai ɗab'i a Edinbura fiye da dattijon da ke zaune a Inver.

Takarda ta adana abin da ake jayayya a kansa, ta kasa riƙe abin da makaho ya shaida. Gow ya riga na'urar ɗaukar sauti da shekara 70. James Scott Skinner, wanda aka haifa a 1843 ake masa kirari da sarkin strathspey, ya riski zamanin faifai, ana iya saurarensa a yi masa hukunci. Gow kuwa sai dai alamomi a kan layi, da abin da ɗalibi ya karɓa daga malami.

Kiɗansa biyu da suka fi daɗewa a kunnen mutane ma ba na tashin ƙura ba ne. Ɗaya na ban kwana ne da giyar wiski, lokacin da sha'ir ya yi ƙaranci a 1799 aka hana dafa ta. Ɗayan makoki ne na matarsa ta biyu, Margaret Urquhart, wadda suka yi fiye da shekara 30 tare, ta rasu a 1805. A hankali yake tafiya, babu fizga, babu ihu. Shekara biyu bayan rasuwarta aka kai shi makwancinsa a Little Dunkeld. A bakin kogin Tay, kusa da Inver, akwai wata tsohuwar bishiya da ake cewa a gindinta yake zama ya tsara kiɗa, ubangidansa yana saurare daga tsallaken ruwa.