Kabad ɗin kayan teku: wa ya tara su, kuma da kuɗin wa?

Wani salo ya kama masu fasahar zamani a Turai da Amurka tun wajen shekarun 1990, kuma har yau bai sake su ba. Sai mutum ya tsinto ƙumba da katantanwa da ƙashin kifi da reshen murjani, ya wanke, ya jera cikin kabad mai gilashi, ya ce ga aikin fasaha. Kwaikwayo ne na ɗakunan tara abubuwan al'ajabi da attajiran Turai suke yi a ƙarni na 16 da na 17, tun kafin a san gidan tarihi irin na yanzu. Ni dai ba na cikin masu cewa wannan wasa da hankalin jama'a ne. Duk wanda ya taɓa shiga ganin jere a ɗakin amarya ya san jera kaya ma gwaninta ce, kuma jeren yana faɗin ko su wane ne masu ɗakin. Rigimata da salon nan guda ce: yawancinsu suna nuna mana abin da aka tara, su yi gum a kan wanda ya tara shi da yadda aka yi ya shigo hannunsa.

Wanda ya fi kowa iya wannan sana'a, a ganina, shi ne Mark Dion, Ba'amurke haifaffen New Bedford, garin da ya yi arziki da farautar kifin wel. A 1999 ya ɗauki 'yan sa-kai suka bi gaɓar Kogin Tems a Landan idan ruwa ya janye, a Millbank da Bankside, suna tsince-tsince. Abin da suka samo ba zinariya ba ne: guntayen lofen yumɓu na shan taba, haƙoran shanu, fasassun kwalabe, ƙumba, kayan wasan yara na roba. An kafa tantuna a harabar gidan tarihin Tate, a nan aka wanke kayan aka rarraba su a idon mai wucewa. Daga baya aka zuba su cikin wani ƙaton kabad na katako mai fuska biyu, mai aljihuna da yawa. Ka ja aljihu ka ga murfin kwalba na jiya kusa da ƙashin da ya shekara ɗaruruwa cikin taɓo, an ba su daraja ɗaya. Aikin nan, Tate Thames Dig, bai ɓoye komai ba. An san gaɓar, an san masu tsinta, an ga hannunsu cikin laka. A 2011 ya sake yin irin wannan a gidan tarihin teku na Monako, inda ya tono kayan da suka daɗe a ma'ajiya ya fito da su.

To, ga kuma Damien Hirst na Ingila. Shi ne ya sa aka kamo masa kifin shak a tekun Ostareliya a 1991, ya tsoma shi cikin akwatin gilashi cike da ruwan maganin hana ruɓewa. Kifin ya ruɓe duk da haka, aka musanya shi da wani a 2006. Wannan ma da sauƙi. A 2017 ya yi gagarumin baje koli a birnin Benis na Italiya, ya ƙaga labarin wani jirgin ruwa da ya nutse shekara dubu biyu da suka wuce, wai ga dukiyarsa an tsamo, gumaka duk murjanin bogi ya manne musu. Cikin kayan har da wani kai na zinariya da ya ɗauko kamannin kawunan Ile-Ife sak. Mai zanen Najeriya Victor Ehikhamenor ya fito ya yi ƙorafi, kuma yana da gaskiya. An ambaci Ife a takardar bayani, amma an cusa ta cikin tatsuniyar da Hirst ya ƙirƙira, kuma sunansa ne a kan kayan da za a sayar.

Tambayar asali ba ƙaramar magana ba ce, domin tarihin tare-taren nan bai da tsabta. Hans Sloane, wanda kayansa kusan 71,000 suka zama harsashin gidan tarihin Birtaniya a 1753, ya fara tara tsirrai ne a Jamaika, kuma wani kaso na dukiyarsa daga gonakin raken matarsa ya fito, inda bayi suke aiki. Ko wuri, da za a sa a aljihun kabad ana yaba santsinsa, daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya ake kwaso shi, jiragen Turawa su kawo gaɓar Afirka ta Yamma a sayi mutane da shi. Da shi ake ciniki a Kano lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya iso a 1851. Mai fasahar da ya jera wuri ya tsaya ga kyansa kawai, ya bar rabin aikinsa bai yi ba.

Shi ya sa nake fifita John Akomfrah, haifaffen Akra mazaunin Landan, duk da ba kabad yake yi ba. Fim ɗinsa Vertigo Sea, wanda aka fara nunawa a Benis a 2015 a baje kolin da Okwui Enwezor ya jagoranta, allo uku ne a jere. Ya ɗebo kyawawan hotunan teku daga taskar BBC, irin waɗanda ake kallo a huta, ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa da fiɗar kifin wel a kan jirgi, da bayin da aka jefa ruwa, da baƙin haure masu tsallaka Bahar Rum. Ido na son ya tsaya kan allon da ke da kyau, na kusa da shi ya hana.

Salon zai ci gaba, tunda yana sayuwa kuma yana kyau a hoto. Amma in ka tsaya gaban irin wannan kabad, a Landan ko a allon wayarka, nemi sanin inda aka ɗebo kayan da wanda ya sha wahalar ɗebowa. In mai aikin bai damu ya gaya maka ba, kayan adon kanti ne ya jera maka.