Gizon Da Ke Jikin Kwanson Igwa

A gidanmu akwai wani kwanson harsashin igwa na tagulla, wanda kakanmu ya komo da shi daga Yaƙin Bama. Mutanen gida sun ce shi ya yi masa zane da hannunsa. Ni kam ban yarda da maganar duka ba, ko da yake faɗin haka ya ja mini fushin manya.

Kifa shi ka dubi gindinsa. An buga 1943, da 'yar kibiya, alamar kayan Gwamnatin Ingila. Wannan shekarar ƙera kwanson ce, ba ta zanen ba. Nan mutane kan ruɗe. A jikinsa an zana gizo-gizo, tambarin Runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944. Da māsu biyu ne da gammo, da mun ce ta 82 ce.

Amma fa dubi aikin. Ƙafafun gizon nan takwas duk sun daidaita, ba inda hannu ya zame. Wannan aikin maƙeri ne mai kayan aiki. Kakanmu kuwa manomi ne, dako ya yi a daji. Sunansa da aka karce da ajami can ƙasa, a karkace, shi ne na yarda nasa ne.