Tabaran Sega da zurfin hoto

A shekarar 1987 kamfanin Sega na Japan ya fitar da tabarau mai suna SegaScope domin na'urar wasansa, Master System. Gilasansa biyu suna rufewa bi da bi: talabijin ya nuna hoton idon dama, sannan na hagu, ƙwaƙwalwa ta haɗa su, sai ga zurfi. Kowane ido rabin hotunan yake samu, hasken na ƙyaftawa har ido ya gaji.

A ganina, Maze Hunter 3-D ne ya san amfanin dabarar: mai wasa yana leƙon benaye daga sama, zurfin ya zama ginshiƙin wasan. A Space Harrier 3-D kuwa ado ne kawai. Sega da kansa ya yada tabaran, domin Master System II na 1990 ba shi da ramin katin da ake jona shi.